Kimiyya da Fasaha: Kallon majigi a silin ɗin ɗakin kwana

 A yau shirin namu ba zai yi nisa ba, ɗakin kwana za mu shiga, mu ɗaga kai mu dubi silin, wato wannan farin fili da ke saman gadonka mai sauraro, wanda a galibin gidaje ba ya ɗauke da komai in ban da ƙwan lantarki ko fanka. A 'yan shekarun nan kasuwa ta cika da wasu ƙananan na'urorin haska hoto, waɗanda 'yan kasuwa ke kira furojekta, mu kuma muka gaji sunansu majigi, wasu ma girmansu bai wuce gwangwanin madara ba. Masu tallarsu na cewa ka ajiye ɗaya a gefen gado, ka juya idonsa sama, kana kwance rigingine sai ga filin ƙwallo ko fim ya cika maka rufin ɗaki. To shin da gaske ne? Kuma me ya kamata mutum ya sani tun kafin ya zuba kuɗinsa? Sai ku gyara zama, ko kuma in ce ku gyara kwanciya.

Da farko dai wannan dabara ba yau aka fara ta ba, kuma ba don nishaɗi aka fara ta ba. A shekarun 1940, asibitocin Amurka sun cika da sojojin da suka ji munanan raunuka a yaƙin duniya na biyu, da yawansu suna kwance a miƙe wata da watanni, ba sa iya ko riƙe littafi. Wani mutum mai suna Eugene Power, mai kamfanin ɗaukar hotunan littattafai a kan siririn fim a garin Ann Arbor na jihar Michigan, ya haɗa kai da kamfanin kyamara na Argus da ke garin, suka ƙera wata na'ura da ake ajiyewa a ƙasa kusa da gadon majiyyaci, tana haska shafin littafi a silin. Majiyyaci ya danna maɓalli, shafi ya juya. Ke nan mutumin da ba ya iya ɗaga kansa daga matashi ya samu ya yi karatu ba tare da ya jira wani ya zo ya karanta masa ba.

Har yanzu kuwa irin waɗannan mutane su ne suka fi cin moriyar abin. Wataƙila kana da tsohuwa a Kumasi ko Yawunde da ciwon baya ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, kana tunanin abin da za ka aika mata ya ɗebe mata kewa. Ko kuma kai ɗin ne kake zaune a ɗaki ƙwaya ɗaya a Landan ko Jidda, gado ya cinye rabin ɗakin, mai gida kuma ya hana a kafa ko da ƙusa a bango. A irin wannan ɗaki, fili mafi girma da ba kowa a kansa shi ne silin.

To amma akwai magana guda da in ka riƙe ta, sauran bayanan duk za su zo maka da sauƙi. Majigi ba ya iya haska baƙi. Haske kawai yake iya ƙarawa, ba ya iya ragewa. Idan fim ya zo wurin da ake son baƙi, kamar gashin kai ko sararin sama da dare, abin da na'urar ke yi shi ne ta hana haskenta zuwa wannan wuri, shi ke nan. Abin da ya rage a wurin shi ne farin silin ɗinka kamar yadda yake a cikin ɗakin. Idonka ne ke ɗaukarsa baƙi, saboda abin da ke kewaye da shi ya fi shi haske nesa ba kusa ba. Wato baƙin da za ka gani a fim, duhun ɗakinka ne. Akwatin talabijin ba haka yake ba, shi gilashinsa dama mai duhu ne, shi ya sa ake iya kallonsa da rana tsaka.

Dattawan da suka taso a arewacin Najeriya zamanin Turawa, da ma bayansa, za su tuna motar majigi da ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, a nuna fina-finan tsafta da noma. Ko kun taɓa tambayar kanku dalilin da ya sa ba a taɓa fara majigi da la'asar ba, sai dare ya yi? Wannan dai shi ne dalili. Ita kanta kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Turanci na wata tsohuwar na'ura, wanda ma'anarsa fitilar sihiri, na'urar da ake danganta ƙirƙirarta ga masanin nan ɗan ƙasar Holand, Christiaan Huygens, a wajen shekarar 1659. Daga wancan lokaci zuwa yau an canza fitila, an canza gilashi, an canza komai, amma buƙatar duhu tana nan daram.

Saboda haka ga wani gwaji da ba zai ci maka ko kwabo ba. Yau da dare, a lokacin da ka saba kallo, ka kashe fitila, ka ja labule, ka kwanta ka dubi silin. Abin da ka gani, shi ne iyakar baƙin da kowane majigi zai ba ka, ko da kuwa na miliyan nawa ne. Idan fitilar titi na shigowa ta taga tana haska rufin, ko kuma kana Ingila a watan Yuni inda rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, to ka fara sayen labule mai kauri kafin ka sayi na'ura. A ganina kuɗin labule ya fi kuɗin ƙarin ƙarfin fitila amfani.

Yanzu bari mu leƙa cikin na'urar kaɗan, domin abin da ke ciki shi zai faɗa maka ko za ka iya juya ta sama. Kowane majigi abu uku ne: fitila mai ba da haske, da wani ɗan ƙaramin allo da ke tsara hoton, da kuma ido na gilashi da ke faɗaɗa hoton ya jefa shi waje. Wajen tsara hoto hanyoyi biyu suka fi yawa. Akwai mai LCD, inda haske ke ratsa wani ɗan allo mai dubban ɗaruruwan tagogi, wasu a buɗe wasu a rufe. Akwai kuma mai DLP, wanda wani masani na kamfanin Texas Instruments mai suna Larry Hornbeck ya ƙirƙiro tushensa a 1987. Shi wannan abin mamaki ne. A kan wani ɗan faranti da bai wuce farcen babban yatsa ba, an jera ƙananan madubai, kowanne yana iya karkata dama ko hagu sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Wanda ya karkata wajen idon na'urar ya aika ɗigon haske, wanda ya kau da kai ya bar wurinsa da duhu. Hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, ɗigo sama da miliyan 2 ke nan. Wannan aiki ne ya sa aka ba Hornbeck lambar yabo ta Oscar a 2015, shi da ba ɗan wasa ba.

Sai dai kuma a wajen fitilar ne gizo ke saƙar. Manyan majigin da muka saba gani a ofisoshi da makarantu da gidajen kallon ƙwallo, yawancinsu na amfani ne da wani ƙwai mai tururin zaiba a ciki, irin wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1995. Idan ƙwan nan ya kama aiki, matsin da ke cikinsa yakan kai kusan ninki 100 na iskar da ke cikin tayar mota, ga kuma zafi mai tsanani. An tsara fankar da ke sanyaya shi ne bisa cewa na'urar na zaune a kwance. Idan ka tayar da ita tsaye ta kalli sama, hanyar iska ta canza, zafi ya taru inda ba a shirya masa ba, in ma ba a yi sa'a ba ka zaunar da ita a kan ramukan da take shaƙar iska. Shi ya sa da yawa daga cikin littattafan da ke zuwa da irin waɗannan na'urori suka hana a tayar da su tsaye. Ƙwan na iya mutuwa da wuri, yana ma iya fashewa. In har hakan ta faru, a buɗe tagogi a fita daga ɗakin na ɗan lokaci, domin tururin zaiba guba ne.

Sababbin ƙananan kuwa da fitilar LED ko hasken lesa suke aiki. Ba su da zafi kamar wancan, ba su cin wuta sosai, masu ƙera su kan ce fitilar za ta kai awa 20,000 ko fiye, alhali ƙwan zaiba 'yan dubban awoyi yake yi. Galibinsu kuma ba su damu da inda aka juya su ba. Wasu ma don haka aka yi su, kamar Freestyle na kamfanin Samsung da ya fito a 2022, wanda ke juyawa a kan ƙafarsa daga bango zuwa silin. Duk da haka ka duba littafin na'urar kafin ka saya.

To idan tsohon majigin ofis ne da kai fa, sai ka jefar? A'a. Ka bar shi a kwance yadda ya saba, ka sa madubi a gabansa, a jingine rabi tsakanin kwance da tsaye, wato digiri 45. Haske ya bugi madubi ya haura sama. Za ka ga rubutu ya fito a juye, kamar yadda yake fitowa idan ka nuna wa madubi jarida, to sai ka shiga saitin na'urar ka zaɓi wanda ake amfani da shi idan ana haskawa daga bayan allo, rubutu zai daidaita. Aibi ɗaya shi ne madubin gida azurfarsa na bayan gilashi ne, don haka haske kan dawo sau biyu, ɗaya daga fuskar gilashin ɗaya daga bayansa, sai ka ga wata 'yar inuwa a gefen rubutu. A kallon ƙwallo ba za ta dame ka ba.

Masu sauraro, sai batun girman hoto. A nan ba ka da zaɓi da yawa, tun da ba za ka iya ɗaga rufin ɗaki ba. A jikin kwalin kowane majigi akwai wata lamba da ke nuna dangantakar nisa da faɗin hoto. A ƙananan na'urori sau da yawa za ka ga 1.2, ma'ana sai an ja baya mita 1.2 kafin a sami hoto mai faɗin mita 1. Mu ɗauki ɗaki mai tsayin mita 2.4, wanda shi ne aka saba gani a gidajen Ingila. Ka ɗora na'urar a kan ɗan teburin gefen gado, idonta ya kasance rabin mita daga ƙasa. Saura mita 1.9 ke nan. Ka raba da 1.2, za ka sami faɗin kusan mita 1.6, wato kamar talabijin mai inci 72. In ka sauke ta ƙasa, hoton zai haura inci 80.

Kada kuma ka ce lallai sai ka cika silin ɗin. Idonka yana ƙasa da mita 2 ne daga rufin, kuma hoton da ya yi girma da yawa a wannan tazara kamar zama ne a layin gaba na gidan silima, sai ka yi ta bin ƙwallo da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan har ka gaji. Ni dai shawarata, kada faɗin hoton ya wuce kashi 2 cikin 3 na tazarar da ke tsakanin idonka da silin. Akwai ma riba a cikin haka. Hasken na'urar ƙayyadadde ne, kamar cokali ɗaya na man shanu. In ka ninka faɗin hoto sau biyu, filin da za a shafa ya ninka sau huɗu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Wannan ya kawo mu ga inda ake cutar mutane a kasuwa. Ana auna hasken majigi da wani ma'auni da ake kira lumen. Don ka sami abin kwatance, tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800. Sahihiyar hanyar aunawa ita ce wadda ake rubuta ANSI ko ISO a gabanta. A tsarin ANSI ana raba hoton gida 9, a auna hasken da ya sauka a tsakiyar kowane gida, a fitar da matsakaici, a ninka da faɗin filin. Wato ana auna abin da ya fito ya isa allo ne. Wasu masu sayarwa kuwa sai su rubuta hasken fitilar da ke can ciki kafin ya ratsa komai, wasu ma lambar da ta zo musu a rai kawai suke bugawa. Har kotu kamfanin Epson ya sha kai wasu masu sayar da majigi a Amurka a kan irin wannan ƙari. Saboda haka in ka ga na'ura kamar dunƙulen hannu, an rubuta mata lumen 9,000 babu ANSI babu ISO, ka tambayi kanka, shin wannan ɗan abin ya fi ƙwan lantarki 11 haske? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Abin farin ciki shi ne ba ka ma buƙatar dubbai. Idan aka yi lissafi, hoto mai faɗin mita 1.6 a kan farin silin, lumen 300 na gaskiya sun isa su ba shi hasken da ya yi daidai da wanda gidajen silima ke bi a allonsu. Sharaɗin dai shi ne wancan na farko, duhu. Haka nan ka lura da wata dabarar a wajen ɗigon hoto. Kwali zai ce na'urar tana karɓar 1080, amma karɓa daban fitarwa daban. Tana iya karɓar hoto mai kyau ta murƙushe shi zuwa ɗigo 480. Lambar da za ka nema ita ce ta ainihin ɗigon da take fitarwa, musamman idan karatu za a yi da ita ko kallon fim mai fassara a rubuce.

Shi kansa silin ɗin fa? Wanda ya fi dacewa shi ne fari, sumul, mai fentin ruwa marar sheƙi, domin yana watsa haske ko'ina daidai wa daida. Silin ɗin roba mai ƙyalli da ake yayi yanzu, ko wanda aka shafa wa fentin mai, zai mayar maka da hasken fitilar wuri guda kamar tocila a tsakiyar hoto. Mai ruwan ƙwai zai sa fararen kaya su koma kamar an daɗe ba a wanke ba, ko da yake ido kan saba bayan 'yan mintoci. Idan fanka ce a tsakiyar ɗaki, sai ka kauce mata, in ba haka ba inuwar fukafukanta za ta yi ta yanka hoton. Mafita mafi sauƙi ga duk waɗannan ita ce farin zanen gado, a ja shi ya miƙe sosai a maƙala da abin maƙalawa da ba ya ɓata fenti.

A nan ina da gargaɗi na musamman ga 'yan uwa mazauna Biritaniya da Amurka. Tsofaffin gidaje da yawa a can suna da silin mai ƙurji-ƙurji ko mai zanen ado, wanda a Ingila aka fi sani da Artex. Irin wannan yana ɓata hoto, kuma zuciya za ta raya maka ka kankare shi ya yi sumul. Kada ka kuskura. Wanda aka yi a da yana iya ƙunsar asbesto, sinadarin da ƙurarsa ke haddasa cutar daji a huhu bayan shekaru masu yawa, kuma sai a 1999 Biritaniya ta haramta shi baki ɗaya. In an bar shi yadda yake ba ya cutarwa, kankarewa da hudawa su ne ke tayar da ƙurar. Ka rufe shi da ƙyalle, ko ka sa a gwada shi tukuna. Su kuma masu kwana a gidan sauro, haske zai rabu biyu, wani ya tsaya a raga wani ya wuce sama. Kada wannan ya sa a naɗe gidan sauro saboda fim. Gara a shimfiɗa farin ƙyalle a rufinsa daga ciki, a haƙura da ƙaramin hoto.

Wajen ajiye na'urar, da wuya ka samu ta zauna daidai ƙarƙashin inda kake son hoton, tun da a nan kai kake kwance. Dole ta haska daga gefe, sai hoton ya fito kamar bokiti, gefe ɗaya da faɗi ɗaya a tsuke. Na'urorin yanzu na iya gyara wannan da kansu, amma ka san ba kyauta suke yi ba, suna matse hoton ne su bar wasu ɗigogin ba aiki, kuma gefen da ya fi nisa zai riƙa yin dishi-dishi. Iya matsowarta kusa da tsakiya, iya kyan hoton. Bayan kan gado wuri ne mai kyau. Sannan ka ɗan tura hoton wajen ƙafafunka, kada ya tsaya cak a saman goshi, domin matashi yana ɗaga kai, idonka ba sama sak yake kallo ba.

Abin da ba za ka yi ba shi ne ɗora ta a kan katifa ko bargo. Ko mai LED ce tana buƙatar iska, katifa kuwa toshe mata hanci take yi, ga shi wasunsu da batir a ciki, kai kuma barci na iya ɗauke ka. Kada kuma ka rataye ta a saman kanka da igiya ko wani ƙarfen da ba ka amince da shi ba. Sai batun yara. Majigin da ke kallon sama daga ƙasa ko gefen gado, idonsa na daidai inda yaro mai rarrafe zai leƙa, yaro kuwa ba abin da ke jansa kamar haske. Leƙa idon majigi daga kusa na iya yi wa ido lahani, balle mai lesa. Wasu na'urorin na rage haske da kansu idan wani ya gitta, amma kada ka dogara da wannan. Ido mai kallon sama kuma kwanon tarar ƙura ne, wanda duk ya san hunturu a Garwa ko guguwar ƙura a Khartum ya san abin da nake nufi. A rufe shi bayan kallo, a hure ƙurar kafin a goge, kuma ba da bakin riga ba. In tsaraba za ka aika daga Amurka, inda wutarsu ke da ƙarfin bolt 120, zuwa Ghana ko Kamaru ko Chadi inda take 220 zuwa 240, ka duba jikin cajar ka tabbata an rubuta 100 zuwa 240.

Abu biyu a gurguje. Idan ka haɗa wayarka da majigi ba tare da waya ba, ka buɗe Netflix ka ga allo baƙi ƙirin sauti kawai ke fita, na'urar ba ta lalace ba, kariya ce ta hana satar fim. Sai ka nemi wadda ke da manhajar a cikinta, ko ɗan sandan nan da ake sokawa a ramin HDMI. Na biyu, fankar na'urar tana kusa da kunnenka, don haka ka saurari ƙararta a shago kafin ka biya.

To yaya lafiyar jiki? A nan akwai riba akwai kuma hasara. Wani likitan ƙashin baya a New York mai suna Kenneth Hansraj ya wallafa wani lissafi a 2014, inda ya nuna cewa kan babban mutum, mai nauyin kimanin kilo 5 idan yana tsaye daidai, yakan ɗora wa wuya nauyin da ya kai kilo 27 idan aka sunkuyar da shi digiri 60, irin sunkuyon da muke yi wa wayar salula. Mai kallon silin kuwa kansa na kan matashi, wuya na hutawa. Ido ma haka. Kallon abu a tazarar santimita 30 yana sa naman da ke saita ƙwayar ido ya yi aiki fiye da ninki 6 na wanda zai yi a tazarar mita 2.

Hasarar kuma a wajen barci take. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi, haske kuwa, musamman mai ruwan shuɗi, yana jinkirta shi. A wani bincike da aka yi a asibitin Brigham and Women's da ke Boston, aka wallafa a farkon 2015, an sa mutum 12 karatu na awa 4 kafin barci, dare 5 a iPad, dare 5 a littafin takarda. A darerun iPad sun ɗauki ƙarin kimanin minti 10 kafin barci ya zo, fitowar sinadarin ta yi jinkirin kusan awa ɗaya da rabi, kuma sun tashi da safe da nauyin jiki. Gaskiya ne hoton silin ya fi allon da ke dab da fuska laushi a ido. Amma haske ba shi kaɗai ke hana barci ba, fim mai daɗi ma yana hanawa, kuma wanda ke kwance cikin bargo ba abin da zai tashe shi ya ce ya isa haka. Ga yara ƙanana kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo sam, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Silin ma allo ne.

Mafi muni shi ne barci ya kwashe ka na'urar na ci. Masu bincike a jami'ar Northwestern da ke Amurka sun gwada mutum 20 a wani aiki da suka wallafa a 2022, inda wasu suka kwana dare ɗaya a ɗaki mai matsakaicin haske, wasu a ɗaki mai duhu. Waɗanda suka kwana cikin haske, bugun zuciyarsu bai sauka yadda ya kamata ba cikin dare, da safe kuma jikinsu bai sarrafa sukari da kyau ba kamar na sauran. Wato ko ido na rufe, jiki ya san akwai haske. Kusan kowane majigi yana da agogon kashe kansa a cikin saiti, bayan minti 30 ko 60 ko 90. Ranar da ka fitar da shi daga kwali, tun kafin ka nemi tashar ƙwallo, ka fara nemo wannan agogo ka saita shi.